Daga Ƙarfen Sakiya Zuwa Ƙurar Maganaɗisu

Duk wanda ya tashi a Dungas ko ƙauyukan Magariya ya san sakiya, ko bai gani ba ya ji a bakin kakanni. Wanzami ya tura ƙarfe cikin garwashi sai ya yi jajir, ya huda kumburi, mugunya ta fita. A maruru abin kan ci. A ciwon daji kuwa azaba kawai yake ƙarawa, domin daji ba ruwa ba ne da za a tsiyaye, nama ne da ya ƙi daina tsiro. Amma tunanin wanzamin, cewa zafi na kashe cuta, likitocin duniya ba su taɓa yar da shi ba. Abin da ya sha musu kai tun da can guda ne: yaya za a ƙone cutar ba a ƙone mai ita ba?

Takardar likitanci ta tsohuwar Masar da ake kira Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ambaci ƙona kumburin ƙirji da wuta. A 1866 wani likitan Jamus, Wilhelm Busch, ya lura ƙarin wata majinyaciya ya motse bayan ta sha zazzaɓi mai tsanani. Daga 1891 William Coley a Niyok ya riƙa sa wa masu daji ƙwayoyin cuta da gangan don zazzaɓin ya tashi. Wasu sun samu sauƙi, wasu zazzaɓin ne ya yi ajalinsu.

Dalilin dai akwai shi. Jijiyoyin jinin da ƙari ke ƙera wa kansa a hargitse suke, ba sa iya kwashe zafi kamar na lafiyayyen nama. Jikin mutum yana kan digiri 37; in aka ɗaga ƙari zuwa 42 ko 45 aka riƙe shi nan, ƙwayoyinsa kan galabaita, gashin radiyo da magungunan daji su fi kama su.

A 1957 ne wani likitan fiɗa a Amurka, R. K. Gilchrist, ya juya lissafin. Maimakon a kawo wuta daga waje, sai a kai abin da zai yi zafi daga ciki. Ya zuba ƙurar ƙarfe mai laushin gaske, 'yar uwar tsatsa, cikin kaluluwar karnuka, ya sa su cikin ƙarfin maganaɗisu mai juya fuska ba ƙaƙƙautawa. Kowace ƙwayar ƙura tana ta ƙoƙarin bin juyin, wannan kai-kawon ne ke zama zafi, naman da babu ƙura a cikinsa kuma kusan bai san ana yi ba. Maƙeri zai gane wannan nan take: ƙarfe ne ya ɗauki zafi, ba ƙota ba.

Dabarar ta yi shekara arba'in da wani abu ba ta kai ga mutum ba, sai da Andreas Jordan ya farfaɗo da ita a asibitin Charité na Berlin. Ya kafa kamfanin MagForce a 1997. Ƙwayoyinsa ba su wuce nanomita 15 ba, wato sai an jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi. A lokacin akan ɗura su cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, majinyaci ya kwanta cikin na'ura mai juya maganaɗisu sau dubu 100 a daƙiƙa, awa guda a kowane zama. Turai ta ba da izini a 2010. Sakamakon da aka buga a 2011 kan mutum 59 da mugun dajin ƙwaƙwalwa ya dawo musu ya nuna matsakaicin rayuwa na wata 13 da 'yan kwanaki bayan dawowarsa, haɗe da gashin radiyo. Alƙaluman da aka gwada da su wata 6 ne, amma na wani bincike ne daban, shi ya sa likitoci da dama suka ƙi tafa hannu. Ga kuma sharaɗi mai nauyi: sai an cire duk ƙarfen da ke haƙoran mutum, don shi ma zai yi zafi. A 2022 kamfanin ya karye.

A shekarun nan duka, Nijar ba ta da na'urar gashin daji ko ɗaya. Sai a 2021 aka buɗe ta farko a cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa a Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Majinyacin Dungas sai ya fara kai Damagaram, sannan ya doshi hanyar kilomita kusan 900.

A ganina zafin da ya fi kusa da matan yankinmu na Kurt Semm ne, likitan mata na Jamus da ya ƙera na'urarsa a 1966. Ɗan sanda ne mai kai kamar maɓalli, yana kaiwa digiri 100, a ɗora shi a bakin mahaifa ƙasa da minti guda, ya ƙone tabon da zai iya rikiɗewa ya zama daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyar a 2019. Na zamani da batir yake aiki, ungozoma mai horo na iya riƙe shi, kuma yana shiga jakar da ake ɗaurewa a bayan babur.