Wa Zai Biya In Mai Shara Ya Ji Rauni?

Gurda wata unguwa ce a birnin Sabha, cikin ƙasar Fezzan, a kudancin Libiya. Matafiyi da ya tashi daga Agadas, ya bi ta Dirku da Madama da Gatrun, a Sabha yakan fara ganin babban gari bayan hamada. Da yawa daga cikin mutanenmu na Nijeriya da Nijar a Gurda suke sauka. Aikin da sukan samu shi ne leburanci, da wanki, da shara, da goge-goge a gidaje da kantuna. Aikin kuwa da haɗari. Mai goge taga yakan faɗo daga tsani, ruwan wanke ban ɗaki yakan ƙona hannu ya taɓa huhu, mai share asibiti kuma yakan gamu da allurar da aka yar. In haka ta faru, wa zai biya kuɗin magani, wa kuma zai ciyar da iyali?

Tambayar nan tsohuwa ce. A Littafin Fitowa sura 21 an ɗora wa wanda ya yi wa wani rauni biyan kwanakin da ya yi a kwance, da kuɗin jinyarsa. Shari'ar Musulunci kuma ta tsara diyya. Amma a duka biyun sai an sami mai laifi tukuna. Sa'ad da masana'antu suka yawaita a Turai, sai aka ga ma'aikata suna ta nakasa ba tare da an iya nuna laifin kowa ba, talaka kuwa ba shi da ƙarfin ja da maigidansa a kotu. Saboda haka a 1884, a zamanin Bismarck, Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki wadda masu masana'antu suke biya. Ingila ta yi tata dokar a 1897. Tushen abin shi ne, raunin da aka samu a bakin aiki nauyi ne na aikin, ko da laifi ko babu.

Turawan mulki suka kawo wannan doka Nijeriya a 1941. A 1987 gwamnatin soja ta sake ta, ta yanka cewa in ma'aikaci ya mutu a bakin aiki, a ba iyalinsa albashin wata 42, in kuwa ya nakasa gaba ɗaya, a ba shi na wata 54. Dunƙule ɗaya ake biya, daga nan magana ta ƙare. Nauyin yana kan mai kamfani, in ya ƙi biya ko ya karye, sai a yi ta zuwa kotu.

A watan Disamba 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka, aka danƙa ta ga hukumar NSITF. Dokar ta kafa asusu ɗaya wanda kowane mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ko mai zaman kansa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata, an kuma hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da hakkin kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Dokar ta haɗa har da ciwon da aikin ya jawo, da haɗarin da aka gamu da shi a hanya tsakanin gida da wurin aiki.

Bari mu yi lissafi. A ce kamfanin shara a Kano ko Zariya yana da ma'aikata 20, kowa yana karɓar Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashi da aka yanka a 2024. Jimla Naira 1,400,000 ke nan. Abin da kamfanin zai zuba Naira 14,000 ne a wata, wato Naira 700 a kan kowane mutum. Sai mai karatu ya gwada wannan da kuɗin ɗorin ƙafa ɗaya da zaman wata uku ba aiki.

Nijar ma tana da nata asusun, wato CNSS, tun 1965. Libiya kuwa ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan raunin aiki a 1975, ta kuma yi dokar kula da ma'aikata mai lamba 13 a 1980. A 2004 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare hakkin ma'aikata baƙi da iyalansu. A takarda, ashe, ba a bar baƙo a baya ba.

To, me ya sa mai shara a Gurda ba ya ganin komai? Domin dukan dokokin nan da rajista suke aiki. Sai an rubuta sunan mutum, da na maigidansa, da yawan albashinsa, sa'an nan asusu ya san da shi. Wanda ya ratsa hamada ba takardar izinin zama, aka ɗauke shi aiki da baki kawai, doka ba ta san ya taɓa riƙe tsintsiya ba. In ya je ya kai ƙara, shi za a fara kamawa. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hukuma ta raunana a Fezzan, 'yan bindiga suka sami wuri. A 2017 Hukumar Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton ana sayar da baƙi a Sabha kamar bayi. A irin wannan hali, abin da ya rage wa majinyaci shi ne karo-karon 'yan garinsu.

Ba a Libiya kaɗai ake ganin haka ba. A garuruwanmu, ofisoshi da asibitoci da bankuna sukan ba ɗan kwangila aikin shara, shi kuma ya ɗauki mata da samari ba takarda. Dokar 2010 ta shafe su, amma wanda bai san hakkinsa ba, ba zai nema ba. Ga abin da ya kamata a sani: ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14 bayan haɗarin, maigidan ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya kafin shekara ta cika.

A cikin jama'armu akwai masu kamfanin shara, akwai masu ba da kwangila, akwai makarantu da asibitoci da majami'u masu ɗaukar masu shara. Ya dace kowannensu ya tambayi kansa ko an rubuta sunan mai goge masa daɓe a inda ya kamata. Saurayin da yake shirin hawan mota zuwa Sabha kuma, a faɗa masa gaskiya tun yana gida, cewa kuɗin da zai samu can yana iya fin na nan, amma ranar da ya faɗo daga tsani, ba asusun da zai tsaya masa.