Alama

alama (suna, mace, jam'i: alamomi). A harshen kwamfuta: ɗan hoton da ke tsaye a madadin fayil, folda ko manhaja a allo, kamar rawayar foldar nan ta File Explorer a Windows.

Ɓatan alama ba ɓatan fayil ba ne, ko da yake nan ne hankalin mutane ke tashi. Windows ba ta ɗauko kowane hoto daga tushensa kullum. Tana tara kwafinsu a wani ɓoyayyen fayil, IconCache.db, cikin foldar AppData, don allo ya buɗe da sauri. In taskar nan ta lalace, sai alama ta koma farar takarda fayau, alhali in an danna ta fayil zai buɗe lafiya lau. Magani shi ne a goge taskar, a sake kunna kwamfuta, ta gina sabuwa da kanta.

Wani zai ce ai bairos ne. Yakan yiwu, musamman a filashin da ya zaga kwamfutoci, amma irin wannan bairos fayilolin yakan ɓoye ɗungurungum. In kuwa fayilolin PDF kaɗai suka yi fari, mai yiwuwa manhajar da ke buɗe su aka cire, sai a zaɓa musu wata.