Baƙon Barde da Riƙon Amana: Waiwaye a Kan Sarkin Shanu da Yaƙin Kwatarkwashi, 1903

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba matsayin bawan sarki a fagen yaƙi, watau mutumin da asalinsa ba na gari ba ne, amma aka damƙa masa makamai da tsaron fada. Za a yi haka ne ta hanyar kwatanta abubuwa biyu da suka auku cikin watan Fabrairu na 1903: faɗuwar birnin Kano, da kuma karon da aka yi a Kwatarkwashi, garin da ke gindin dutse tsakanin Gusau da Tsafe, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara.

2.0 Dalilin Dogara da Baƙo

Al'adar ɗora bawa a kan runduna tsohuwa ce a daulolin Musulunci. Mamalik, waɗanda asalinsu bayin yaƙi ne, sun mulki Masar daga 1250 zuwa 1517. Haka kuma Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya Askiya Ishaƙa na Biyu a Tondibi cikin 1591, haifaffen ƙasar Andalus ne da aka kamo tun yana yaro. A Kano kuwa, Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846) shi ne ya farfaɗo da sarautun bayi bayan jihadi, har Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka zama ginshiƙan fada.

Hikimar wannan tsari a fili take. Ɗan sarki yana da dangi da magoya baya, kuma kullum idonsa na kan gadon ubansa. Bawa kuwa, kome yawan dawakinsa da gandayensa, ba ya gadon sarauta, ba shi kuma da wani gida da zai koma in fada ta rushe. Saboda haka ne sarakunan ƙarni na 19 suka fi sakin jiki da barin bindigogi da albarushi a hannun bayinsu, musamman bayan Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, wadda ta nuna yadda 'yan'uwan jini ke iya zare wa juna takobi.

3.0 Kano da Kwatarkwashi

A watan Janairu na 1903 Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mafi yawan dawakin Kano, bayan an naɗa Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Cikin waɗanda ya bar wa tsaron birni akwai bawansa, Sarkin Shanu, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Gwari. Ranar 3 ga Fabrairu rundunar Kanar Morland ta iso, ta buɗe wa ganuwa wuta da igwa, ta kutsa ta Ƙofar Kabuga. Da masu tsaron ganuwa suka watse, sai Sarkin Shanu ya ja da baya zuwa gidan sarki da 'yan mutanen da suka rage masa, ya tsaya yana faɗa har aka kashe shi.

Labarin ya tarar da Sarki Alu a ƙasar Zamfara yana kan hanyar komowa. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, ya rabu da jama'arsa cikin dare ya yi arewa, inda daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja cikin 1926. Da gari ya waye runduna ta rabu biyu a ƙarƙashin 'yan'uwansa. Wambai Abbas ya zaɓi sulhu, ya koma Kano, Lugga ya naɗa shi sarki cikin Afrilu. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi. A ƙarshen Fabrairu ya haɗu da wani ƙaramin rukunin sojan Nasara a Kwatarkwashi, mutum 44 a ƙarƙashin Laftanar Wright da wani hafsa guda. Sojojin suka yi sahu mai kusurwa huɗu, barade suka yi ta sukuwa a kansu harsashi na zubar da su, har Waziri ya faɗi.

Abin lura a nan shi ne, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi su uku sun sami hanyoyi uku a gabansu, kowa ya bi wadda ya ga ta dace. Sarkin Shanu kuwa hanya ɗaya tak tsarin fada ya bar masa, domin darajarsa da dukiyarsa da iyalinsa duk suna cikin gidan da aka ce ya tsare. Wannan bai rage masa jarunta ba, tun da yana iya jefar da makami ya saje da talakawa kamar yadda wasu suka yi.

4.0 Amanar Gida ko ta Mutum?

Ya kamata a tambaya: wa bayin sarki ke riƙe wa amana? Abin da ya biyo baya ya nuna cewa gidan sarauta suke yi wa biyayya fiye da wanda ke kan karaga. Bayin da suka yi wa Alu hidima sun ci gaba da yi wa Abbas, har ma a 1908 Razdan Cargill ya ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki zuwa muƙamin Waziri, ko da yake bai daɗe a kai ba. Har ila yau, sojojin da suka harbe baraden Kano a Kwatarkwashi baƙaƙen fata ne da Nasara ta ɗauka aiki, suna yi wa baƙon ubangida biyayya a kan albashi. Ashe ke nan kowane ɓangare ya jingina ƙarfinsa ne a kan mutanen da ba su da rabo cikin mulkin da suke karewa.

5.0 Kammalawa

An fi tunawa da Kwatarkwashi saboda shahadar Waziri Ahmadu, kuma ya cancanci haka. Sai dai tarihin 1903 ba zai cika ba in an tsaya a kan 'ya'yan sarakuna kaɗai. Akwai buƙatar malamai da ɗalibai, musamman na kwalejojinmu da ke Zamfara, su tattara abin da ya saura a bakin dattawan Kwatarkwashi da Tsafe da Gusau game da bayi da barori da suka faɗi tare da iyayen gidansu, tun kafin masu riƙe da labarin su ƙare.