Mallard

Mallard kan jirgin ƙasa ne mai aiki da tururi, na ajin A4, wanda Nigel Gresley ya tsara, aka ƙera shi a Doncaster ta Ingila a 1938 domin jan fasinja. Ranar 3 ga Yulin shekarar ya zabga gudun kilomita 203 a awa, bajintar da babu injin tururin da aka tabbatar ya wuce. Sirrin yana ga ƙirarsa: silinda uku, manyan ƙafafu shida masu faɗin mita 2, da goshi mai sulɓi da ke keta iska. Wasu na cewa gangara ce ta taimake shi. Haka ne, amma gangara ba ta cika tukunya da tururi. Bututun hayaƙinsa mai baki biyu ne ya riƙa hura wutar. Yau yana gidan tarihin jiragen ƙasa na York.