Daga Inna Zuwa Jaji: Matsayin Uwa a Tarihin Warkarwa da Tarbiyyar Matan Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ga yaro ƙafarsa ta shanye, abin da zai ce shi ne yaron yana da shan-inna. Likitoci da malaman asibiti su ma da wannan suna suke kiran cutar, ba tare da sun tsaya sun tambayi wace ce Innar ba. Amma a cikin wannan kalma guda akwai tarihi mai tsawo. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun wannan tarihi, domin a nuna cewa tun zamani mai nisa matan ƙasar Hausa suna da wata uwa da suke kai wa kukansu na ciwon jiki da na zuciya, kuma da jihadi ya rushe tushen da wannan matsayi yake kai, sai aka sake gina shi a kan ilmi da Alƙur'ani. Hukuncin Musulunci game da bautar iskoki a bayyane yake. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya bayyana abin da mutane suka yi, da dalilin da ya sa suka yi shi.

Inna a Duniyar Iskoki

Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya kuma buga littafinsa a 1946, ya tarar cewa Inna tana cikin manyan iskokin da suke girmamawa. Sunayenta suna da yawa: Doguwa, Bafulatana, Uwar Gona. A wajen manomi ita ce mai tsaron amfanin gona, wadda ake jin tsoron ta shanye wa ɓarawo hannu ko ƙafa. Wato hannun da yake ciyarwa shi ne kuma yake horo. Daga nan sunan cutar ya samo asali.

A cikin bori, kamar yadda Fremont Besmer ya bayyana a 1983 bayan bincikensa a Kano, iskoki suna da birninsu mai suna Jangare, mai gidaje 12, da sarki da fadawa da malamai da mahauta, tamkar birnin mutane. Matan wannan birni sun ƙunshi halaye iri-iri: akwai uwa mai reno, akwai kishiya mai zafin kishi, akwai budurwa mai ƙwalisa, akwai baiwa. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya yi magana a kan wasu siffofi na asali da suke zaune a zukatan mutane ko'ina, kuma siffar uwa mai bayarwa da karɓewa tana cikinsu. Matan Hausa ba su jira wannan bayani ba. Mace takan ga halin da take ciki a jikin ɗaya daga cikin waɗannan iskoki, ta sami sunan da za ta kira damuwarta da shi.

Hanyar shiga bori ita ce ciwo. Mace takan yi fama da rashin haihuwa, ko wabi, ko ciwon kai da ya ƙi jin magani, ko wata irin fargaba da take hana barci. Idan an yi na boka an yi na malam abin ya faskara, sai a ce a yi mata girka. A keɓe ta kwanaki a hannun uwar girka, ana ba ta sassaƙe da turare, ana kaɗa mata garaya ko goge ko ƙwarya, har iskan da ake zaton shi ne ya kama ta ya bayyana kansa. Daga ranar ta zama godiyarsa, yakan hau ta a wajen wasa, ya sauka da atishawa. Ko me za a ce game da aƙidar, abu guda a fili yake: wadda ta shiga ɗakin girka ita kaɗai da ciwonta takan fito da uwa da 'yan'uwa, wata rana ma ita ce za ta girka wata. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta nuna yadda bori ya saje da zaman matan karkara a ƙasar Zazzau, shekaru fiye da ɗari bayan jihadi.

Inna a Fadar Sarki

A 1971 I. M. Lewis ya kawo ra'ayin cewa irin wannan hawan iska makami ne na raunana, wanda mata suke amfani da shi su karɓi abin da mazansu suka hana su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin sau da yawa iskan yakan nemi zane ko turare ko ɗan akuya, kuma maigida ne zai saya. Sai dai tarihin ƙasar Hausa ya fi wannan ra'ayi faɗi. Tarihin baka na Daura ya lissafa jerin sarauniyoyi kafin zuwan Bayajida, kuma sarautar Magajiya ta daɗe da ƙarfinta a can. A Gobir akwai sarautar Inna, wadda ake naɗa wa wata daga cikin matan gidan sarauta. Tana da gidanta da jama'arta, ita ce shugabar 'yan bori na ƙasa duka, gare ta ake kai al'amuran mata, kuma a ranar taro takan fito da malfa da rawani kamar sauran masu sarauta. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun tafi da wannan sarauta, har suka kafa ta a Tsibiri. Katsinawan da suka kafa Maraɗi su ma sun riƙe sarautar Iya mai irin wannan aiki. Saboda haka kafin jihadi jagorancin mata a sha'anin ciwo da waraka wani ginshiƙi ne na mulki.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yaƙi bori, amma a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wannan zargi ya zama abin gaggawa bayan yaƙe-yaƙe, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836, lokacin da gidajen Sakkwato da ƙauyukanta suka cika da matan da aka kamo, da zawarawa, da marayu. Mata ne da suka rasa gari da dangi, kuma abin da suka sani na samun sauƙi shi ne bori. Hani kaɗai ba zai raba su da shi ba, sai an ba su wani abin riƙo.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793, ita ce ta ɗauki wannan nauyi. Ta zaɓi dattawan mata amintattu daga garuruwa, ta naɗa kowacce Jaji. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi zuwa Sakkwato, su zo da ɗan abin sadaka, su koyi waƙoƙin da Nana ta tsara a kan tsarki da salla da tarihin Manzon Allah (S.A.W.), su koma su koyar da matan aure da ba su da halin fita. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Jean Boyd, a littafinta na 1989 a kan rayuwar Nana Asma'u, ta jawo hankali ga alamar naɗin: malfa da jan rawani, wato irin kayan da matan Gobir suka saba gani a kan Inna. Duk macen da ta hango Jaji ta san uwa ce ta zo, sai dai abin da ke cikin jakarta ya canza.

Nana ta yi wa mata tanadi ta fuska biyu. Ta fuskar waraka, a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara fa'idodin surorin Alƙur'ani, har da abin da ya shafi ciki da haihuwa da tsoro da talauci, wato ainihin buƙatun da suke kai mace ɗakin girka. Ta fuskar abin koyi kuwa, ta tsara waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka, bisa ga wani littafi na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A ciki ta jero matan Manzon Allah da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da malamai mata na zamaninta, waɗanda masu sauraro suka san gidajensu. A maimakon matan Jangare, sai mace ta sami wasu siffofi da za ta auna kanta da su: mai haƙuri, mai ilmi, mai kyauta, mai tsayuwar dare. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Kammalawa

A ƙarni na 20 darajar tsofaffin sarautun ta yi ƙasa, har a garuruwa da yawa sunan Magajiya ya koma na shugabar mata masu zaman kansu. Bori ya janye zuwa gefen gari. Amma buƙatar da ta haifi Inna da Jaji tana nan, kuma ita ake gani a makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985.

Akwai darasi a nan ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Jihar Kano saboda zargin da ya yaɗu a kanta, aka dawo da ita a 2004. Sarakuna da malamai sun taka rawa babba wajen gyara al'amarin, amma waɗanda suka tsallaka zaure suka shiga cikin gida, suka zauna a tabarma da uwar yaro, mata ne 'yan unguwa da aka sani aka yarda da su. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Hanyar da Nana Asma'u ta bi ita ce aka sake bi. Duk wani shiri na lafiya ko na yaƙi da jahilci da aka tsara domin matan ƙasar Hausa, tambayar farko da ya kamata mai tsara shi ya yi ita ce: wace ce uwar da matan wannan gari suke saurara?