Dokar Ɓatanci ga Addini a Ingila, 1676-2008: Tarihin Wata Iyaka ta 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki

Gabatarwa

Jama'a da dama suna ɗauka cewa ƙasashen dimokuraɗiyya na Yamma sun sakar wa harshe linzami tun asali, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Ingila ta riƙe laifin ɓatanci ga addini a cikin dokokinta fiye da shekara ɗari uku, ba ta soke shi ba sai a 2008. Wannan maƙala ta bibiyi asalin dokar, da sauye-sauyen da ta fuskanta, da abin da ya faru sa'ad da Musulmin Birtaniya suka nemi ta kare su. Manufa ita ce a nuna cewa iyaka ga magana ta ɗore a kowane zamani, amma abin da iyakar take karewa ya riƙa sauyawa.

Asalin Dokar

Da fari kotunan coci ne suke hukunta masu zagin addini. A shekarar 1676 aka gurfanar da wani mutum mai suna John Taylor a gaban Kotun Sarki bisa munanan kalamai da ya furta a kan Annabi Isa (AS) da addini baki ɗaya. Alƙalin alƙalai Matthew Hale ya yanke cewa Kiristanci wani yanki ne na dokar Ingila, saboda haka wanda ya zage shi ya taɓa tushen mulki, domin a kan addini rantsuwa da alkawari da biyayya ga hukuma suka dogara. Aka ci Taylor tara, aka kuma sa shi a turu a bainar jama'a.

Daga wannan hujja ana iya fahimtar cewa tsarin mulki ne aka nufi karewa ta hanyar kare Cocin Ingila. Alƙali Alderson ya fito da wannan fili a shari'ar Gathercole ta 1838, inda ya bayyana cewa mutum yana iya sukar Yahudanci ko Musulunci ko wata ɗariƙar Kiristanci ba tare da ya aikata wannan laifi ba, muddin bai taɓa addinin hukuma ba.

Daga Aƙida zuwa Ladabi

A ƙarni na 19 masu inkarin addini suka yawaita a tsakanin masana, ya zama ba zai yiwu a ɗaure duk mai shakka ba. A shari'ar Ramsay da Foote ta 1883, alƙalin alƙalai Coleridge ya ce ana iya jayayya har da tushen addini matuƙar an kiyaye ladabin muhawara. Da wannan, laifin ya tashi daga abin da aka faɗa ya koma kan yadda aka faɗe shi. A 1917 Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta rushe ginshiƙin Hale a shari'ar Bowman, ta ce batun Kiristanci yanki ne na doka adon magana ne kawai.

Sabon ma'aunin ya fi faɗawa kan talakawa. Malamin jami'a da ya yi inkari cikin tsararren harshe ya tsira, mai wa'azin kan titi da ya yi ba'a ya shiga hannu. John William Gott shi ne na ƙarshe da aka ɗaure: a ƙarshen 1921 aka yanke masa wata tara da aiki mai wahala saboda ƙasidun izgili, ya kuma mutu a 1922 bayan fitowarsa. A 1949 alƙali Denning ya siffanta dokar da matacciya.

Ashe suma ta yi. A ƙarshen 1976 wata mata mai fafutukar gyaran tarbiyya, Mary Whitehouse, ta kai ƙarar jaridar Gay News da editanta kan wata waƙar batsa da aka danganta ga Annabi Isa (AS), aka same su da laifi a 1977. Majalisar Dattawa ta tabbatar da hukuncin a 1979 da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. Ɗaya daga cikinsu, Scarman, ya nuna cewa a ƙasa mai addinai da yawa ya kamata majalisa ta faɗaɗa dokar ta kare mabiya sauran addinai. Hukumar gyaran dokoki kuwa, a rahotonta na 1985, ta ba da shawarar sokewa.

Jarrabawar 1989

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Musulmi da yawa daga Fakistan da Indiya da Bangaladash sun zauna a biranen masana'antu irin su Bradford da Birmingham, 'ya'yansu suka tashi 'yan ƙasa. A watan Satumba 1988 aka buga littafin Salman Rushdie, Ayoyin Shaiɗan, wanda Musulmi suka gani a matsayin cin mutuncin Manzon Allah (SAW) da iyalan gidansa. Sun fara da rubuta koke ga kamfanin ɗab'i da hukuma, ba a saurare su ba. A watan Janairu 1989 aka ƙona littafin a Bradford, a ranar 14 ga Fabrairu kuma Ayatullahi Khomeini na Iran ya fitar da fatawarsa ta kisa. Daga nan hankalin jaridu ya bar ƙorafin Musulmi ya koma kan barazana ga ran marubucin, kuma zubar da jinin da ya biyo baya, har da kisan mai fassara littafin zuwa harshen Japan a 1991, ya raunana hujjar masu bin hanyar doka.

Daga cikin masu bin wannan hanya akwai Abdul Hussain Choudhury, wanda ya nemi majistare a Landan ya ba da sammacin Rushdie da mawallafansa. Majistare ya ƙi. A watan Afrilu 1990 babbar kotu ta goyi bayansa, ta ce dokar Kiristanci kaɗai take karewa, faɗaɗa ta aikin majalisa ne, kuma iyakance ma'anar addini zai yi wuya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ita ma ta kori ƙarar a 1991.

Abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1989 hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta hana wani gajeren fim na Nigel Wingrove izinin fita saboda zai iya zama ɓatanci ga Kiristanci. A 1996 Kotun Turai ta amince da hanin, bisa sashe na 10 na Yarjejeniyar Turai, wanda ya halatta taƙaita magana don kare haƙƙin wasu. Ke nan dokar tana da rai, Musulmi ne dai ba sa cikin inuwarta. Haka kuma dokar hana tunzura ƙiyayyar launin fata ta 1986 tana kare Yahudawa da Sikhawa a matsayin ƙabilu, ba ta haɗa da Musulmi ba.

Sokewa

Hanya biyu ta rage wa majalisa: ta shigar da kowa, ko ta fitar da kowa. Gwamnatin Tony Blair ta kawo ƙudurin hana tunzura ƙiyayyar addini, amma dattawa suka rage masa ƙarfi, kuma a watan Janairu 2006 gwamnati ta sha kaye a Majalisar Wakilai, ɗaya daga cikin ƙuri'un da tazarar mutum ɗaya tak. Dokar da ta fito ta hukunta kalaman barazana ne kawai, waɗanda aka furta da niyyar tunzura ƙiyayya ga mabiya wani addini, ta kuma ware suka da ba'a da zagin addinin kansa a matsayin halattacciyar magana. A watan Yuli 2008 aka soke laifin ɓatanci a Ingila da Wales.

Kammalawa

Dokar ta fara da kare addinin hukuma, ta koma kare ladabin jayayya, ta ƙare a kan kare mutane daga barazana. In an auna da ma'aunin maƙasidush shari'a, tsarin Ingila ya ci gaba da kiyaye rai da mutunci, tunda barazana da ɓata suna har yau doka tana bin kadinsu, amma ya janye hannu daga kiyaye addini. Musulmin Birtaniya daidaito suka nema, daidaiton kuwa ya zo musu ta hanyar rushe katangar gaba ɗaya. Mai nazarin wannan tarihi zai ga cewa a dimokuraɗiyya hujja da yawan ƙuri'a ne suke shata iyakar magana, kuma al'ummar da take son a kiyaye alfarmar abin da take girmamawa tana buƙatar masana doka da wakilai a majalisa, da kuma riƙo da ladabin da aya ta 108 ta Suratul An'am ta koyar game da abin bautar wasu.