Mudu da Kasafi: Nazarin Ra'ayin Talaka kan Kuɗin Tallafin Man Fetur

A ranar 29 ga Mayu 2023, cikin jawabin rantsar da shi a Abuja, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira dubu a gidajen mai da dama. Tun daga lokacin babu manufar gwamnati da ta sha tattaunawa a teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida da shirye-shiryen siyasa na rediyon Kano kamar wannan. Wannan nazari zai duba yadda talaka ke gina ra'ayinsa a kan lamarin, da wurin da ra'ayin ya tsaya bai ƙarasa ba.

Hujjar masana tattalin arziki sananniya ce. A 2022 kaɗai tallafin ya lashe fiye da naira tiriliyan 4, mai motoci uku ya fi mai babur ɗaya morewa, kuma wani kaso na man ana fasa-ƙwaurinsa zuwa Nijar da Benin da Kamaru. Talaka bai cika musun wannan ba. Ma'auninsa ne dabam: farashin mudun masara a kasuwa, da kuɗin adaidaita sahu daga gida zuwa wurin aiki, da buhun taki idan damina ta gabato. Wannan ma'auni bai yi ƙarya ba, domin hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta nuna hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a Disamban 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 kuwa ma'aikacin da ke cikin tsari ya shafa, bai taɓa manomi ko ɗan dako ko mai sayar da ƙosai ba.

Kuskure ne a ɗauki tambayar talaka ta “ina kuɗin?” a matsayin jahilci. Tambaya ce da tarihi ya haifa. A Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta tilasta aka sauko da ita 97, aka kafa shirin SURE-P da alkawarin zuba rarar a ayyukan jama'a. Yau da wuya ka samu mutum a unguwa da zai nuna maka abin da shirin ya bari. A gefe guda, dattawa har yanzu suna ambaton hukumar PTF, mai kashe rarar kuɗin man fetur a zamanin Abacha, wadda Muhammadu Buhari ya shugabanta, duk da zarge-zargen da aka yi wa hukumar bayan rushe ta a 1999. Dalilin ambaton shi ne sun ga hanya an gyara, sun ga magani a asibiti ɗauke da tambarinta. A lissafin talaka, arhar fetur ita ce kaɗai rabonsa daga arzikin mai da ke iso masa ba tare da ya bi ta hannun wani ba. Da aka ɗauke ta, abin da ya rage masa alkawari ne daga mutanen da suka saɓa alkawari a baya.

Sai dai ra'ayin yana da giɓi, kuma a nan ne damuwata take. Kusan duk zancen Abuja yake fuskanta, alhali kuɗin ba a Abuja kaɗai suke tsayawa ba. Tsarin rabon asusun tarayya ya bai wa gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Rabon wata-wata da a farkon 2023 bai kai tiriliyan ɗaya ba ya taɓa tiriliyan biyu a 2025. Gaskiya ne wani ɓangare na ƙarin faɗuwar darajar naira ce ta kumbura shi, kuma Bankin Duniya ya nuna a 2025 cewa rabin rarar cire tallafin kawai kamfanin NNPC ke miƙa wa asusun, sauran yana biyan tsofaffin basussuka da shi. Duk da haka gwamnoni sun samu kuɗin da ba su taɓa gani ba. Makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse, abubuwan da talaka ya fi kuka a kansu, nauyinsu yana wuyan jiha da ƙaramar hukuma. Amma mutum zai yi awa guda yana zagin shugaban ƙasa, bai san nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsa a watan jiya ba.

Ina ganin tushen wannan giɓi yana da nisa. A zamanin En'e, magidanci yana biyan haraji, makiyayi yana biyan jangali, dagaci ne ke karɓa a gaban idonsa. Zafin biyan ne ya sa jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta samu masu saurare, domin wanda ya fitar da kuɗi daga aljihunsa yana jin yana da bakin tambaya. A 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma sun yi daidai, don tsarin cike yake da zalunci. To amma da kuɗin mai suka maye gurbin haraji, sai dukiyar gwamnati ta koma kamar kyauta daga sama. Harshenmu ma ya nuna haka: gwamna ya “ba mu” hanya, ciyaman ya “taimaka” da taki, a yi masa godiya a rediyo. Sojojin baka, waɗanda 'yan siyasa ke biya wa kuɗin fili, sun ƙara karkata muhawara daga alƙaluma zuwa yabo da habaici.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe ƙofa, kodayake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Ana wallafa abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu duk wata, amma da Turanci, cikin jadawalin da manomi ba zai taɓa buɗewa ba. Aikin 'yan jarida da malaman jami'a da masu gabatar da shirye-shirye ne su karanto waɗannan alƙaluma da Hausa a rediyo kowane wata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, sannan su gayyato ciyaman ya faɗi abin da ya yi da su.